Tambaya kan gidajen sarautar Indiya ta dā: jerinsu, shekarunsu da asalinsu

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske kan sarakunan Indiya na dā, tun kafin zuwan Mugal. Abu uku ne suka ɗaure min kai. Jerin da ke yawo a intanet yana kawo Maurya, sai Gupta, sai Chola, sai sarakunan Delhi, kamar wannan ya sauka wancan ya hau gado ɗaya. Haka abin yake? Sannan shekarun ba sa jituwa: sarki Kanishka wani littafi ya ce ya hau a shekara ta 78, wani ya ce 127. Na uku kuma, duk gidan da ka duba asalinsa sai a ce daga rana ya fito, ko daga wata, ko daga ramin wuta. A majalisarmu ta bakin Kasuwar Barci wasu sun ce duk tatsuniya ce irin ta fim, babu abin kamawa. Hanyar tantancewa nake so a nuna min, yadda mutum zai iya bin lissafin da kansa.

Malamin Unguwar Rimi ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara cire hoton gado ɗaya daga ranka. Indiya ta yau kaɗai ta ninka Najeriya sau uku da rabi a faɗin ƙasa, tarihin da kake tambaya kuwa ya haɗa har da Pakistan da Bangaladesh da wani yanki na Afganistan. Ba wanda zai jera Kano da Katsina da Borno a layi ɗaya ya ce Borno ce ta gaji Katsina. To ɗauki takarda ka raba ta gida uku a tsaye: arewa, wato kwarin kogin Ganga da Panjab, tsakiya, wato tudun Dekan, sai can kudu ƙasar Tamil. Kowane gida ka sa shi a ɗakinsa.

A arewa, ƙasar Magadha ce uwa, babban birninta Pataliputra, inda Patna take yanzu. Gidan Nanda na mulki a can Chandragupta Maurya ya kifar da su wajen 322 kafin Miladiyya. Jikansa Ashoka ya yi mulki daga wajen 268 zuwa 232. Wajen 185 sarkin yaƙin Maurya, Pushyamitra Shunga, ya kashe ubangidansa ya hau. Daga nan sai baƙi suka riƙa shigowa ta arewa maso yamma: Girkawan Baktiriya, Shaka, Kushan. Gupta ba su tashi ba sai 320 Miladiyya. Lissafa ka gani, shekara ɗari biyar ke nan tsakanin faɗuwar Maurya da tashin Gupta, kuma jerin da ka gani ya haɗiye su duka. Gupta sun watse a tsakiyar ƙarni na shida. Harsha ya riƙe Kanauj daga 606 zuwa 647. Bayansa gidaje uku suka yi kusan shekara ɗari biyu suna ja-in-ja kan Kanauj ɗin: Pratihara daga yamma, Pala daga Bengal, Rashtrakuta daga Dekan. Sai gidajen Rajput, sai sarakunan Delhi daga 1206 zuwa 1526.

A tsakiya akwai Satavahana, Vakataka, Chalukya na Badami, Rashtrakuta daga wajen 753, Chalukya na Kalyani daga 973, sai Yadava da Kakatiya da Hoysala, sai Vijayanagara a 1336 da Bahmani a 1347. Abin lura a wannan ɗaki: galibi sabon gida tsohon bara ne na wanda ya kayar. Rashtrakuta suna yi wa Chalukya caffa kafin su juya musu, Taila da ya kayar da Rashtrakuta a 973 shi ma a ƙarƙashinsu yake riƙe ƙasa.

A kudu Pallava na Kanchi, Pandya na Madurai, da Chola. Sunan Chola tsoho ne, har a rubutun Ashoka ya fito a matsayin maƙwabta da ba ya mulkinsu. Amma Cholan da ake labari, masu jiragen ruwa, da Vijayalaya suka soma wajen 850. Rajaraja ya yi 985 zuwa 1014, ɗansa Rajendra ya kai hari daular Srivijaya ta Sumatra a 1025, gidan ya ƙare wajen 1279.

Yanzu ta ina aka san waɗannan shekaru? Littattafan Purana, tsofaffin littattafan addinin Hindu, suna da jerin sarakuna da tsawon mulkin kowa, irin jerin sarakunan Zazzau ko na Kano da ke cewa wane ya yi shekara kaza. Irin wannan jeri igiya ce, sai an sami turke an ɗaure ta. A Kano turken jihadi ne: daga nan Palmer ya ƙirga baya ya kai Bagauda 999. A Indiya turken farko daga Girkawa ya zo. Marubutansu sun ambaci wani sarki Sandrokottos wanda ya yi sulhu da Selukus, ɗaya daga magadan Iskandar na Makidoniya, wajen 303 kafin Miladiyya, ya ba shi giwaye 500 ya karɓi yankunan yamma da kogin Sindu. A 1793 William Jones ya nuna Sandrokottos ɗin Chandragupta ne. Turke na biyu ya fi ƙarfi. A 1837 James Prinsep ya warware haruffan Brahmi, sai aka iya karanta shelar da wani sarki mai kiran kansa Piyadasi ya sa aka sassaƙa a duwatsu. A shela ta 13, wadda yake nadamar yaƙin Kalinga yana cewa an kashe mutum 100,000 an kwashe 150,000, ya ambaci sarakunan Girka biyar da ya aika wa manzanni, cikinsu da Antiyokus na Sham da Batlamus na Masar da Magas na Kirene. Shekarun waɗannan sananne ne a tarihin Girka, lokacin da suke raye gaba ɗayansu kuma gajere ne, tsakanin 260 da 250. Sai a 1915 aka tsinci rubutun Maski mai ɗauke da sunan Ashoka ƙarara, shakka ta kau cewa Piyadasi ɗin Ashoka ne.

Gwada igiyar a jikin turken. Purana sun ba Maurya shekara 137. Cire 137 daga 322, 185 ke nan. Shunga 112, ka sauko 73. Kanva 45, ka sauko 28 kafin Miladiyya. Har nan lafiya lau. Amma ka ci gaba da tarawa sai ka faɗa rami: wani Purana ya ba Satavahana sarki 30 da shekara kusan 460, in ka ɗora su bayan Kanva sai su kai ka 430 Miladiyya, alhali gidan ya mutu tun farkon ƙarni na uku. Wani Puranan kuma ƙasa da sarki ashirin ya kawo. Jerin yana sa gidajen da suka yi zamani ɗaya a bayan juna, masu kwafi kuma suna ɓata lambobi.

Malama 'Yar Kawo ta amsa:

Allah ya saka wa Malam. Bari in ɗauki tambaya ta biyu, don yawancin ruɗanin shekaru daga nan yake. Indiya ba ta da lissafin shekara guda. Kowane rubutu sai ka fara gano da wane lissafi aka rubuta shi, sannan ka juya. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su:

Shaka: ƙara 78.
Vikrama: cire 57.
Gupta: ƙara 319 ko 320.
Kalachuri: ƙara 248 ko 249.
Harsha: ƙara 606.
Kali: cire 3101.

Misalin da ya fi daɗin koyarwa shi ne rubutun Aihole, kirarin da mawaƙi Ravikirti ya yi wa Pulakeshin na biyu, sarkin Chalukya. Ya ba da shekara da lissafi biyu: Shaka 556 da 3735 na Kali. 556 da 78, 634. 3735 ban da 3101, 634. Shaida biyu a dutse ɗaya.

Lissafin Gupta kuwa Albiruni ne ya taimaka, wanda ya rubuta kan Indiya wajen 1030. Ya ce lissafin Gupta yana bayan na Shaka da shekara 241. 78 da 241, 319. An gwada maganarsa da rubutun Mandasor, inda ƙungiyar masaƙan siliki suka ce sun gina ɗakin bautar rana a shekarar Malava ta 493 zamanin Kumaragupta. Malava tsohon sunan lissafin Vikrama ne, don haka 436. Rubuce-rubucen Kumaragupta na kansa suna ɗauke da shekarun Gupta daga 96 zuwa 129, wato wajen 415 zuwa 448. 436 ta zauna a ciki daram.

Akwai dutse ɗaya a Junagadh, jihar Gujarat, da nake ganin duk mai son wannan fanni ya kamata ya san shi. Shelar Ashoka na jikinsa. A gefe Rudradaman, sarkin Shaka, ya rubuta a shekara ta 72 ta lissafin Shaka, wato 150 Miladiyya, cewa ya gyara madatsar ruwan Sudarshana da ambaliya ta fasa, ya kuma faɗi cewa gwamnan Chandragupta Maurya ne ya fara gina ta, aka yi mata magudanai zamanin Ashoka. Madatsar ta sake ɓallewa, gwamnan Skandagupta ya sake gyarawa, aka rubuta da shekarun Gupta 136 zuwa 138, wato wajen 455 zuwa 457. Gida uku a jere, tsawon shekara ɗari bakwai, kan dam guda.

Inda ake yin kuskure:

Sabuwar shekararsu ba ta faɗa wa Janairu. Ta Shaka a watan Chaitra take kamawa, wajen Maris zuwa Afrilu. Abin da ya faru a watannin ƙarshenta ya riga ya shiga sabuwar shekarar Miladiyya, sai ka ƙara 79 maimakon 78. A Vikrama sai ka cire 56 maimakon 57. Shi ya sa za ka ga an rubuta 634-35. A Gujarat ma shekarar Vikrama a watan Kartika take farawa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ga wani bambancin wata bakwai.

Wasu marubutan shekarar da ta cika suke ƙirgawa, wasu wadda ake ciki. Kamar yaron da za a ce ya cika tara, wani ya ce yana cikin ta goma. Shekara guda ke nan ta shiga tsakani.

Rubutu da yawa lamba kawai suke bayarwa ba su faɗi lissafin ba. Nan Kanishka, sarkin Kushan, ya shigo. Rubuce-rubucen zamaninsa suna ƙirgawa daga shekara ta 1 ta hawansa. Tsofaffin littattafai sun ɗauka shi ya kafa lissafin Shaka, sai suka ce 78. Binciken baya, wanda ya haɗa shaidar kuɗi da wata ƙa'idar lissafi da aka samu a wani tsohon littafin taurari, ya kai yawancin masana ga 127. Littafin da ya ce 78 ko dai tsoho ne ko daga tsoho aka kwafo. Ƙari a kan haka, bayan shekara ɗari Kushan sun daina rubuta ɗarin, sai ka ga “shekara ta 22” alhali 122 ake nufi. Salon haruffa da sunan sarki ne ke rabawa.

A kudu kuma da shekarar sarauta suke ƙirgawa. Matsalar, Chola suna naɗa yarima tun uban yana raye, ya fara ƙirga tasa daga ranar. Rajendra daga 1012 yake ƙirgawa, ubansa bai rasu ba sai 1014. Ka tara shekarun kowa kai tsaye, sai gidan ya yi tsawon da bai yi ba.

Abin da ke warware gardama shi ne husufi. Sarakuna sun fi son ba da kyautar ƙasa ranar da rana ko wata ya yi zazzaɓi, takardar kuma ta faɗi wata, kwanan wata, wani lokaci har ranar mako. Yanzu da kwamfuta cikin minti kaɗan za ka duba ko an yi husufi a wannan rana kuma ko an gan shi a yankin. Idan ranar mako ba ta dace ba, gwada shekarar gaba da ta baya kafin ka yanke cewa takardar jabu ce.

Wata tuntuɓen kuma maimaita suna. Chandragupta uku ne sanannu: na Maurya, da biyu na Gupta shekara ɗari shida bayansa. Bhoja biyu ne: na Pratihara a ƙarni na tara, na Paramara a na sha ɗaya. Chalukya gida uku ne, Badami da Vengi da Kalyani, ga kuma Chaulukya na Gujarat daban. Vikramaditya laƙabi ne da sarakuna da dama suka ɗauka, shi kansa lissafin ba a fara kiransa Vikrama ba sai wajen ƙarni na tara, kusan shekara ɗari tara bayan farawarsa.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Madalla, Malam da Malama, Allah ya ƙara basira. Na gwada na Aihole a waya, ya fita. Saura batun asali. In kirarin fada ne duka, me ya rage?

Dattijon Badarawa ya amsa:

Yaro, abin da ya rage yana da yawa, in ka san yadda ake karanta kirari. Kai da ka tashi kana jin Bayajida ya zo daga Bagadaza, sarakunan Borno na dā suna jingina kansu ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, wannan bai kamata ya zame maka baƙo ba.

Yawancin abin da aka sani kan gidajen ƙarni na biyar zuwa na sha uku daga allunan jan ƙarfe ya fito. Takardar kyautar ƙasa ce, dangin mahram ɗin Borno da ke 'yanta gidan malami daga haraji. Alluna biyu, uku ko biyar ake hudawa a zura musu zobe, a liƙe bakin zoben da hatimin sarki. Na Tiruvalangadu, na Rajendra Chola, allo 31 ne. Hatimin kaɗai yana gaya maka gidan: aladen daji na Chalukya, damisa mai zane ta Chola, kifi na Pandya, bijimi na Pallava, tsuntsun Garuda na Gupta da Rashtrakuta. Tsarin rubutun kusan ɗaya ne ko'ina. A buɗe da addu'a, sai salsalar sarki da kirarinsa, sai wanda aka ba da sunan ƙauyen da iyakokinsa, sai harajin da aka yafe, sai tsinuwa ga wanda ya ƙwace (baitin da suka fi sawa yana cewa mai kyautar ƙasa zai yi shekara dubu sittin a aljannarsu, mai ƙwacewa ya yi kamarta a wuta), sai kwanan wata da sunan magatakarda.

Ga yadda ake aiki da su. Tattara allunan gida ɗaya, jera su daga mafi tsufa. Duba salsalar a kowanne. Sunayen da ke cikin na farko, uba da kaka da kakan uba, su ne abin riƙewa, don lokacin akwai masu rai da suka san su. Sai ka lura da ranar da salsalar ta fara tsawo ta sama. Abin mamaki, yadda gida ke ƙara ƙarfi haka kakanninsa ke ƙara nisa.

Pala misali ne mai kyau. Allon Khalimpur na Dharmapala bai ce su jinin kowa ba ne. Ya faɗi sunan uba da kakan Gopala, mahaifin Dharmapala kuma wanda ya kafa gidan, ya ce manyan ƙasa ne suka zaɓi Gopala don kawo ƙarshen zaman da suke kira hukuncin kifi, babba ya haɗiye ƙarami. Sai ƙarnoni bayan haka aka jingina su ga zuriyar rana, wani mawaƙin fada ma ya ce daga teku suka fito.

Rashtrakuta a takardunsu na farko ba su ambaci Yadu ba. Sai a ƙarni na tara, suna kan ganiya, suka zama jikokin Yadu, gidan Krishna. Chalukyan Badami sun tsaya ga ambaton dangin Manavya, na baya ne suka kawo labarin sarakuna 59 a Ayodhya, mawaƙi Bilhana kuma a ƙarni na sha ɗaya ya ce kakansu daga tafin hannun Brahma ya fito, saboda kalmar tafin hannu a Sanskrit ta yi kama da sunan gidan. Wannan dabarar ta sassaƙa labari daga suna ko'ina akwai ta. Hoysala ma haka: wai wani waliyyi ya ce wa saurayi Sala “buge, Sala” da damisa ta taso, daga nan sunan.

Ramin wutar da ka tambaya, a fadar Paramara aka fara jin sa, wajen shekara ta 1000, cewa wani waliyyi ya fito da kakansu daga wutar hadaya a dutsen Abu. Allunan Harsola na 949, na gidan ne kuma sun girmi labarin, ba su san da wata wuta ba, da Rashtrakuta suka haɗa gidan. Sai can baya mawaƙa suka shigar da Chauhan da Pratihara da Chaulukya cikin ramin. Alhali Pratihara da bakinsu, a rubutun Gwalior na Bhoja, cewa suka yi su jikokin Lakshmana ne, ƙanen Rama.

Me ya sa suke wahalar? A tsarin Brahman, wato malaman addinin Hindu, mulki na ajin mayaƙa ne, Kshatriya. Wanda ya ci ƙasa da takobi amma ba a san gidansu ba, yana buƙatar malaman da za su ba shi nasaba, su kuma suna buƙatar gona. Har biki suke da shi: a ƙera babbar tukunyar zinariya, sarki ya shiga, a yi masa addu'o'in mai ciki da na haihuwa, ya fito sabon haihuwa, a raba zinariyar ga malamai. Allunan Sanjan na 871 sun ce Dantidurga, wanda ya kafa Rashtrakuta, ya yi wannan a Ujjain.

Maurya kuwa labari huɗu ne, kowa da inda yake ja. 'Yan Buddha sun ce daga dangin Moriya suke, masu daraja, don Ashoka nasu ne. 'Yan Jain sun ce daga ƙauyen masu kiwon ɗawisu. Wani wasan kwaikwayo na Sanskrit ya kira Chandragupta ɗan ƙaramin gida. Marubucin Rum Justin ya ce talaka ne. Labarin cewa sunan uwarsa Mura, baiwar sarkin Nanda, mai sharhi ne ya kawo shi kusan shekara dubu biyu bayan mutuwarsa. Ashoka da ya bar rubutu fiye da kowa bai ce uffan kan kakanninsa ba.

Gupta sun fi sauƙi. Sarakunansu biyu na farko “maharaja” kawai ake ce musu, na uku ne ya zama sarkin sarakuna, bayan ya auri Kumaradevi 'yar gidan Lichchhavi. Ɗansu Samudragupta da kakanninsa na wajen uwa yake tinƙaho. Duk wanda ke kirari da dangin uwa, ka san inda darajar take.

Kirarin yaƙi ma a tace shi. Na Samudragupta da ke jikin ginshiƙin Allahabad ya raba abokan gaba: sarakunan arewa tara an tumɓuke su, na kudu goma sha biyu an kama an saki, na bakin iyaka suna kawo gaisuwa. Taswirar da ta shafa wa duka launi ɗaya ta yi ƙarya. Kuma nasara ba ta tabbata sai da shaidan waje. Ravikirti ya ce Pulakeshin ya kori Harsha, fadar Harsha ta yi gum, amma matafiyin Sin Xuanzang, wanda baƙon Harsha ne, ya rubuta cewa Harsha ya kasa cin mutanen Maharashtra.

Jabu ma akwai, tun zamaninsu. Allon Madhuban na Harsha ya faɗi cewa an kama wani Brahman yana cin ƙauye da takardar ƙarya, aka fasa ta aka ba wasu ƙauyen. Ana gane jabu da haruffan da suka fi shekarar ƙuruciya, ko laƙabin da ba a fara amfani da shi ba a lokacin, ko hatimin gaske da aka ciro daga wani wuri aka liƙa.

Mai Sulalla, Rigasa, ya amsa:

Baba, a gafarce ni, akwai wurin da hanyarka ba ta kaiwa. Salsalar fada ba ƙari kaɗai take yi ba, tana ragewa. Duk salsalar Gupta daga Samudragupta take tsallakawa zuwa Chandragupta na biyu. Wani wasan kwaikwayo da guntayensa kawai suka rage ya ce akwai yaya a tsakani, Ramagupta, wanda ƙanen ya kashe ya auri matarsa. An daɗe ana cewa ƙagen marubuci ne, sai a 1969 aka tono gumakan Jain uku kusa da Vidisha da rubutun “sarkin sarakuna Ramagupta”. Wani lokacin mai tatsuniya ya fi magatakarda gaskiya.

Shi ya sa kuɗi ke da muhimmanci, don ba a gyara su bayan an buga. Abu uku ake dubawa. Na farko bugu kan bugu: a tukunyar da aka tono a Jogalthambi kusa da Nashik akwai azurfar Nahapana, sarkin Shaka, sama da 13,000, fiye da kashi biyu cikin uku Gautamiputra Satakarni, sarkin Satavahana, ya sake buga tambarinsa a kansu. Wanda ke sama shi ya zo daga baya kuma shi ya ci yaƙin, daidai da abin da uwarsa ta sa aka rubuta a kogon Nashik. Na biyu nauyi: zinariyar Kushan wajen giram 8 ce, Guptan farko suka bi wannan ma'auni har da sunan dinara, Skandagupta ya ɗaga ta sama da giram 9, na bayansa suka riƙe nauyin amma zinariyar ciki ta riƙa raguwa. Kuɗi mai nauyi mai garwaye, na ƙarshen gidan ne. Na uku abin da aka binne tare: sabon ciki shi ke ba da lokacin binnewa. Kuskuren da ake yi shi ne a ce inda aka tsinci kuɗi nan sarki ya mulka. An tono zinariyar Rum tuli a ƙasar Tamil, fatauci ne ya kai ta.

Kan Kanishka, Malama, ƙari ɗaya: rubutun Rabatak da aka samu a Afganistan a 1993, da harshen Baktiriya cikin haruffan Girka, shi ya jera gidan, Kujula Kadphises, Vima Takto, Vima Kadphises, Kanishka. Kafin nan akwai tarin kuɗi marasa suna da aka rasa mai su.

Delhi ta fi sauƙi don da Hijira suke ƙirgawa, amma jerin yana ɓoye abu. Abin da ake kira gidan bayi, 1206 zuwa 1290, ba zuriya ɗaya ba ce. Aibak bawan Muhammad na Ghor ne, Iltutmish bawan Aibak ne kuma surukinsa, 'ya'yan Iltutmish har da Raziya da ta yi 1236 zuwa 1240 suka biyo, sai Balban ya kafa nasa a 1266. Su da ba su da kakan da za su nuna, Bagadaza suka duba: a 1229 Halifa al-Mustansir ya aiko wa Iltutmish riga da takardar amincewa, ya sa sunan Halifa a jikin tankarsa ta azurfa mai kusan giram 11. Aikin da tutar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ta yi wa Malam Musa a Zazzau ke nan. Wanda ya kafa Bahmani kuwa tsohuwar hanya ya bi, ya ce shi jikan Bahman ne na sarakunan Farisa.

Kada kuma a ɗauka zuwan Musulmi ya yanke komai rana ɗaya. Mahmudu na Gazna ya buga dirhami a Lahore da kalmar shahada, a bayansa fassararta da Sanskrit. Muhammad na Ghor ya bar hoton Lakshmi, abar bautar Hindu, a zinariyarsa da sunansa cikin haruffan Nagari, don shi 'yan kasuwa suka sani.

Malama 'Yar Kawo ta ƙara:

Tunda an taɓo Hijira, kada Ɗan Tudun Wada ya ƙara 622 kawai, shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11. Ninka shekarar da 0.97 sannan ka ƙara 622. Hawan Aibak 602: 602 sau 0.97 ya ba da 584, da 622, 1206. Yaƙin Panipat, inda Mugal suka kayar da sarakunan Delhi, 932: 904 da 622, 1526. In watan ya faɗa farkon shekarar Hijira ko ƙarshenta amsar na iya gocewa da ɗaya, sai ka nemi watan a jadawali. Na Panipat Rajab ne, ya zo daidai da Afrilu.